Fedal ɗin jita yana "ɗas" in an taka, laifin makunni ne?

Masu haɗa fedal ɗin jita (ƙaramin akwatin da ake takawa da ƙafa don sauya sautin jita) da hannunsu ba su da yawa a nan Sakkwato, amma kukansu kusan ɗaya ne: an gama haɗi, sauti ya fito tas, sai dai da an taka makunni lasifika ta ce ɗas kamar an fasa leda. Ga abin da aka fi tambayata a teburin gyara.

Tambaya: In sayo sabon makunni kawai?

Amsa: Dakata tukuna, ƙanena. Galibi makunnin ba shi da laifi, asirin wani yake tonawa. Sautin jita wuta ce mai kaiwa da komowa, amma cikin fedal akwai tsayayyar wutar batir mai bolt 9. Kafasita ce ke tsare ƙofar shiga da ta fita don kada wutar batir ta bi sauti. In tana ɗan yoyo, caji yakan taru a wayar da ke rataye lokacin da fedal ke kashe. Kana takawa sai ya zube cikin amfilifaya gaba ɗaya, ita kuwa ta ƙara masa ƙarfi. Ɗas ɗin ke nan. Ko ka sauya makunni goma, cajin yana nan.

Tambaya: Ta yaya zan tabbatar?

Amsa: Da mitar auna wuta. Juya ta zuwa ma'aunin milibolt na wutar batir, baƙar waya a layin ƙasa (wanda ke haɗe da gefen rago (-) na batir), ja a wayar da ke fitowa daga allon kayan wutar fedal zuwa makunni. Ya kamata ka ga sifili ko dab da shi. Auna wayar shiga allon ma. In lamba ta tsaya ta ƙi sauka, ka kama ɓarawonka.

Maganin ba tsada. Saka razista ('yar na'urar da ke rage gudun wuta) mai mega om 1 daga bakin kafasitar, ɓangaren makunni, zuwa layin ƙasa, ta riƙa tsiyaye cajin a hankali. Launin zanen jikinta ruwan ƙasa, baƙi, kore. Masu gyaran rediyo ba sa rasa ta. In an saka bai daina ba, kafasitar ce ta gaji, musamman irin mai kama da 'yar ganga da ake cirowa daga tsohon allo. Zafin Afrilu da ke haura digiri 40 ba ya raga mata. Sauya ta da sabuwa, ka kuma duba ba ka juya ƙafafunta ba.

Tambaya: Mita ta nuna sifili, amma ƙarar na nan.

Amsa: Cire ƙafa ɗaya ta 'yar fitilar da ke nuna fedal na kunne ka sake takawa. In shiru, ita ce ke fizgar wuta lokaci guda. Ƙara mata girman razista, daga kilo om 1 zuwa 4.7 ko 10. In ba ita ba ce, gwada wata amfilifaya, don wani lokaci daga can wutar ke dawowa.

Tambaya: To yaushe ne makunnin ke da laifi?

Amsa: In ƙarar ta zama ƙaras-ƙaras, ko sauti ya ɗauke sai ka sake takawa. Ƙurar hunturu na shiga cikinsa. Fesa masa maganin wanke makunni, ban ce man inji ba. Sai kuma ɓarnar hannu. Makunnin yana da ƙafa 9 dasassu cikin roba, kuma na taɓa narkar da guda da kaina saboda na bar ƙarfen dalma a kai ina amsa gaisuwa. Daƙiƙa 2 ko 3 sun isa, ka bar ƙafar ta huce kafin ka taɓa ta kusa da ita. Wadda ta fara girgiɗi ba ta gyaruwa.

Tambaya: Me ya sa fedal ɗin kamfanin Boss ba sa yin haka?

Amsa: Nasu takawar umarni kawai take bayarwa, taransisto, wato makunnin lantarki marar motsi, ne ke sauya hanyar sauti a hankali. Naka ƙarfe ne ke bugun ƙarfe, don haka ɗan "ƙis" da ba ya fitowa in ana kiɗa ba zai rasu ba. Wannan ka ƙyale shi.