Kenneth Slessor: ɗan jaridar da ya yi waƙa, sannan ya yi shiru

Wane ne Slessor?

Sha'iri ne kuma ɗan jarida, ɗan ƙasar Ostiraliya. An haife shi a garin Orange, jihar New South Wales, a 1901, ya rasu a Sidni a 1971. Asalin sunan gidansu Schloesser ne, irin na Jamusawa, aka mayar da shi Slessor a 1914 da yaƙin duniya na farko ya ɓarke.

Mene ne sabon abin da ya kawo?

Kafin shi, waƙoƙin ƙasar sun fi karkata ga daji, da makiyayan tumaki, da mahaya dawakai. Shi kuwa ya juyo cikin birni: fitilun titi, mashaya, jiragen fito a tashar ruwan Sidni. Ido ne na ɗan jarida, wanda ya saba lura da abin da kowa ke wucewa.

Wace waƙa ce ta fi fitar da sunansa?

Five Bells, ta 1939. A 1927 abokinsa Joe Lynch, mai zanen barkwanci, ya faɗa ruwa daga jirgin fito da dare, ba a kuma ga gawarsa ba. Ana cewa aljihunan kwat ɗinsa cike suke da kwalaben giya. Sunan waƙar daga al'adar matuƙan jiragen ruwa ne, inda bugun ƙararrawa biyar ke nuna ƙarfe goma da rabi. Abin da ya sa take taɓa zuciya shi ne Slessor bai tsaya yabon mamaci ba. Guntayen hirarrakinsu kawai yake tattarowa, yana ganin yadda suke zame masa.

Yaƙi fa?

A 1940, lokacin yaƙin duniya na biyu, gwamnati ta naɗa shi ɗan jaridarta mai aiko da rahotanni daga fagen daga. A bakin teku kusa da El Alamein, a Masar, aka riƙa binne gawawwakin matuƙan da ruwa ya turo cikin rairayi, ana kafa musu gicciyen itace, ana rubuta da fensir cewa ba a san mai kabarin ba. Daga nan waƙar Beach Burial ta fito. A 1944 ya ajiye aikin bayan ya saɓa da hafsoshin soja kan rahotanninsa daga New Guinea.

Daga nan sai me?

A shekarar ce aka buga tarin waƙoƙinsa, One Hundred Poems, kuma kusan nan ya dasa aya a rubuta waƙa. Ya koma jarida, daga baya yana rubuta sharhin edita a Daily Telegraph ta Sidni har ƙarshen rayuwarsa.