Korar yaro ba ta raba shi da tramol

Da asubar Talata ƴan kabu-kabu suka kawo mana wani yaro asibiti daga bakin tasha. Bai wuce shekara 16 ba. Yana ta jijjiga, ya ciji harshe, rigarsa sai warin sholisho. Da ya farfaɗo na ce, "Ƙanena, ina gidanku?" Ya ce Bagalam, amma tun kafin azumi baba ya ce kada ya sake taka masa zaure. An ga tramol a aljihunsa ne.

Iyayena, na gaji da jin wannan labari. Kun kama yaro da ƙwaya biyu, kun ce "na sallama ka," kun rufe ƙofa. To ina kuka tura shi? Rumfar kasuwa, inda zai kwana kan kwali cikin hunturu, ya wuni yana tura baro. Can ƙwayar take, mai miligiram 225, wadda ta ninka ta asibiti mai 50 fiye da sau huɗu. Yanzu sai ya sha don sanyi, ya sha don yunwa, ya sha don tsoron manyan da ke lalube shi da dare.

Na san zafin abin, wallahi. Ni ma uwa ce, kuma bakin maƙwabta ba daɗi. Amma da yawansu ciwon ya riga ƙwayar zuwa. Yaro ya daina barci, ya daina zuwa fada wurin abokai, yana magana shi kaɗai, kuka ce iskanci ne ko iskoki. Ciwon ƙwaƙwalwa ne, yana da magani kamar hawan jini. Wa ke korar mai hawan jini daga gida?

Idan zama ɗaki ɗaya ya gagara, a kai shi wurin kawu ko kaka. A ajiye masa tuwonsa. A kawo shi asibiti, uba da kansa, ba aike ba. Kada a yanke masa ƙwayar rana ɗaya, gumi da ciwon jiki za su mayar da shi. Likita ne zai rage a hankali. In ya faɗi yana jijjiga, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki. Kuma ban da ɗaure shi da mari a ƙafa.

Yaron Bagalam yana nan a gadon kusa da taga, ya fara shan kunu. Sau biyu muna aika wa babansa. Jiya yayarsa ta zo a ɓoye da fura.