Jinin dasashi a wajen matasa ba ƙaramin abu bane

Da yawanmu in yaro ya goge baki yaga jini sai ace ai burushi ne yayi tauri, ko ace ciwon dasashi na tsofaffi ne kuma a baki yake tsayawa. Wallahi ba haka bane.

Akwai wata ƙwayar cuta, Aggregatibacter, ita matasa tafi kamawa tana cinye ƙashin dake riƙe haƙori tun yaro yana sakandare, kuma nau'inta mafi muni da ake kira JP2 an same shi a ƴan makaranta a Maroko da Gana. A 2016 masu bincike a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka nuna gubar da take fitarwa tana huda fararen ƙwayoyin jini, sai wasu sinadaran jiki su canza kama, garkuwar jiki ta ɗauke su baƙi ta fara yaƙarsu, irin abinda ake gani a sanyin gaɓɓai na rheumatoid.

Ba wai duk mai jinin dasashi zai kamu da wannan sanyin gaɓɓai ba, gado da shan sigari suma suna da hannu. Amma dan Allah in jinin yaƙi tsayawa ko haƙori ya fara girgiɗi, a kai yaro wajen likitan haƙori, gishiri da ruwan ɗumi kaɗai basu isa ba.