Ƙananan Hukumomi da Dimokuraɗiyya a Jihar Bauchi

Ƙaramar hukuma ita ce matakin gwamnati na uku a Najeriya, kuma ita ce mafi kusa da talaka. Jihar Bauchi, wadda aka kafa a 1976, tana da ƙananan hukumomi 20 daga cikin 774 na ƙasar. Jihar Gombe, mai ƙananan hukumomi 11, daga cikinta aka cire ta a 1996. Kowace ƙaramar hukuma tana da ciyaman da kansiloli masu wakiltar gundumomi, kuma kasuwa, tashar mota, kwashe shara, rajistar haihuwa da wani ɓangare na kula da firamare da ƙananan asibitoci duk suna wuyanta.

Neman a sa talaka cikin mulkin garinsa tsohon zance ne a Bauchi. A shekarun 1940 Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa sun riƙa haɗuwa a wani zauren muhawara a garin, inda malaman makaranta da ma'aikatan En'e, wato hukumar mulkin gargajiya ta sarakuna, ke yi wa hukuma tambayoyi gaba da gaba. A 1950 Tafawa Ɓalewa ya kai ƙudurin gyara tsarin En'e gaban Majalisar Arewa a Kaduna. Gyaran 1976 ne ya shafe En'e gaba ɗaya, ya bar wa sarakuna da hakimai da dagatai aikin ba da shawara da sulhu, aikin da har yau ke kashe rigimar gona da ta makiyaya kafin ta kai kotu.

Sashe na 7 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce zaɓaɓɓu ne za su riƙe ƙananan hukumomi. Amma Bauchi ta shafe shekaru da dama a hannun kantomomi da kwamitocin riƙo kafin zaɓen Oktoban 2020. A wannan zaɓe da na Agustan 2024, jam'iyya mai mulki ce ta lashe kujerun ciyamomi 20 ɗin duka, kamar yadda ake gani a yawancin jihohi ko wace jam'iyya ce ke kan gado. Abin damuwa ne, domin ciyaman da ya san daga sama kujerarsa ta zo, sama zai riƙa kallo.

Akwai kuma bangar siyasa. 'Yan Sara-suka a Bauchi, kamar 'yan Kalare a Gombe, matasa ne da aka saba amfani da su lokacin kamfen, kuma tsoronsu kan hana mata da dattawa fita rumfar zaɓe.

A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta haramta kwamitocin riƙo, ta kuma umarci a riƙa tura kason ƙananan hukumomi kai tsaye zuwa asusunsu maimakon asusun haɗin gwiwa da jiha. Shirya zaɓensu kuwa yana nan a hannun hukumar zaɓe ta jiha, wadda gwamna ke naɗa shugabanninta.