Makantar rashin lura: idon yana wurin, mai idon ba ya nan

Wata ranar Laraba da hantsi, a kan hanyar da ke gangarawa Gadar Kennedy a nan Yamai, wata ƙaramar mota ta kutso daga lungu ta tunkuyi ɗan kabu-kabu. Allah ya taƙaita, ƙujewar gwiwa ce kawai da madubi da ya fashe. Direban dattijo ne, ya fito jikinsa na rawa yana cewa, "Wallahi tallahi ban gan shi ba." Wani saurayi daga fadar da ke bakin titi ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Haba Baba, rana tsaka, mutum da jar riga, ka ce ba ka gan shi ba? Ai kallonsa kake yi!" Ni ma a ranar bayan saurayin na bi. Yanzu ina ganin dukansu biyu gaskiya suka faɗa.

Abin da ya sami dattijon yana da suna a wurin masu binciken halayyar ɗan Adam. Wasu masana biyu a Amurka, Arien Mack da Irvin Rock, su suka raɗa masa suna da Turanci cikin shekarun 1990, wanda in an mayar da shi Hausa sai a ce makantar rashin lura. Ma'anarta ita ce mutum mai lafiyar ido ya kasa ganin abu ƙato, fili, a gabansa, saboda hankalinsa ya tafi kan wani aiki, kuma bai sa ran bayyanar abin ba. Ba ciwo ba ce, ba a yi mata tabarau. Kakanninmu sun riga su da karin magana, da suka ce hankali ke gani, ido gululu ne. Abin da masanan suka ƙara shi ne awo.

Gwajin da ya fi yin suna shi ne na 1999, wanda Daniel Simons da Christopher Chabris suka yi a Jami'ar Harvard. An nuna wa mutane ɗan gajeren bidiyo na ƴan wasa shida, uku da fararen riguna, uku da baƙaƙe, suna jefa wa juna ƙwallon kwando. Aka ce wa mai kallo ya ƙirga sau nawa masu farar riga suka miƙa wa juna ƙwallo. Ana cikin haka sai ga mutum sanye da kayan goggon biri ya ratso tsakiyar fili, ya tsaya, ya fuskanci kyamara, ya bubbuga ƙirji, ya wuce abinsa. Wajen daƙiƙa 9 ya yi. Da aka gama aka tambaye su, kusan rabi suka ce ba su ga komai ba. Da aka sake kunna musu, wasu har musu suka yi, suka ce an canja bidiyon.

Akwai wani ɗan ƙarin bayani a gwajin nan da mutane ba su cika ambata ba, alhali shi ne ƙashin bayan maganar. Waɗanda aka sa su ƙirga na masu baƙar riga sun fi ganin birin sosai, domin shi ma baƙi ne. Wato ƙwaƙwalwa ba rufe ido take yi gaba ɗaya ba, tankaɗe take yi. Ka ce mata fari kake nema, sai ta zubar da duk baƙi tare da dusa. To, direban da ke son shiga babban titi me yake nema? Mota, ko babbar mota, abin da zai iya murƙushe shi. Moto siriri ne, ba ya cikin lissafi, sai rariya ta tsallake shi.

Shi kansa idon ba kamar yadda muke zato yake ba. Wurin da yake gani tangaran bai wuce faɗin farcen babban yatsa ba in ka miƙe hannu. Sauran duk dishi-dishi ne. Ido yana tsalle sau uku zuwa huɗu a kowace daƙiƙa yana tsinto gutsattsari, ƙwaƙwalwa tana ɗinke su, mu kuma mu ɗauka mun ga komai.

Wani zai ce wannan matsalar sababbin hannu ce, gwani ba ya faɗawa. A 2013 Trafton Drew da abokan aikinsa a Boston suka ba likitoci 24, ƙwararru a karatun hoton huhu, aikin neman ƙananan ƙullutai masu nuna cutar kansa. A cikin hotunan ƙarshe suka liƙa hoton goggon biri wanda girmansa ya ninka na matsakaicin ƙullutu sau 48. Likitoci 20 ba su gan shi ba. Na'urar bin ƙwayar ido kuma ta nuna yawancinsu sun ɗora ido a kansa sosai. Wannan ya fi na ƙwallon ba ni tsoro, domin ƙwarewar ce da kanta ta ƙara ƙuntata musu rariya.

Kada a haɗa ta da ƴar'uwarta, makantar canji. Ita waccan, ka ga abin, an sauya shi, ba ka ankara ba. A 1998 Simons da Daniel Levin suka sa mutum ya tsayar da masu wucewa yana tambayar hanya, sai wasu su ratsa tsakaninsu ɗauke da ƙyauren ƙofa, a musanya mai tambayar da wani dabam. Kusan rabi suka ci gaba da kwatance wa sabon mutum. Ƴan sane na kasuwar Katako ba su karanta wannan ba, amma wanda ke taka maka ƙafa yana ba ka haƙuri, ɗan'uwansa na lalube aljihu, ya san darasin sarai.

Waya kuwa ta zo ta ƙara wa borno dawaki. A wani gwaji da Ira Hyman ya wallafa a 2010, an sa mai kayan barkwanci yana yawo a kan keke mai taya ɗaya a tsakar wata jami'a ta jihar Washington. Cikin masu tafiya suna magana a waya, ɗaya cikin huɗu ne kawai ya lura da shi. Waɗannan a ƙafa suke, ba sitiyari a hannunsu.

Shi ya sa "ban gan shi ba" tana iya zama gaskiya ba tare da ta wanke mai faɗarta ba. Dattijon nan ya biya kuɗin madubi da na magani, kuma daidai ne ya biya. Abin da aka zalunce shi a kai shi ne kiransa maƙaryaci. Da jama'a suka watse, na ga ɗan kabu-kabun ya miƙe da ƙyar, ya karkaɗe wandonsa, ya kunna fitilar gaba duk da ranar da ake ƙwallawa, sannan ya hau gada ya nufi Harobanda.