Shimfiɗar kejin maciji

Shimfiɗar kejin maciji ita ce abin da ake zubawa a ƙasan akwati ko kejin gilashi da ake ajiye maciji a ciki, a kanta yake jan ciki, a kanta yake kashi, cikinta yake ɓuya. Maciji kusan duk rayuwarsa tumbinsa na manne da ƙasa, shi ya sa shimfiɗar da ba ta dace ba take saurin jawo masa ciwo.

Ɗaya daga cikin macizan da aka fi kiwo a gidaje a duniya ita ce ƙaramar mesa da masana ke kira Python regius, ba ta da dafi, tsawonta bai cika wuce mita ɗaya da rabi ba, in ta tsorata sai ta dunƙule ta ɓoye kai. Asalinta Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne, daga Gana da Togo da Benin aka fi fitar da ita zuwa Turai da Amurka, kuma cinikinta yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, wato ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji. A Nijar ma dokar farauta da kare namun daji ta 1998 tana nan, don haka sai an tuntuɓi ma'aikatan gandun daji kafin a ajiye. Kasa da kububuwa da kumurci kam ba na ajiyewa a gida ba ne sam.

Ita mesar nan tana son danshin iska kamar kashi 50 zuwa 60 cikin 100, in za ta yi saɓa ma ya ɗan ɗara haka. To a nan Yamai matsalar take, daga hunturu har zuwa Maris da Afrilu iska bushewa take ƙayau, ga zafi ya haura digiri 40, wantilater kuma na ƙara busar da kejin, sai ka ga saɓar ta fita guntu-guntu wata ta maƙale a ido wata a ƙarshen wutsiya, in ba a lura ba wutsiyar ta shaƙe ta mutu. Aikin shimfiɗa ke nan, ta riƙe ɗan laima ba tare da ta jiƙe sharkaf ba. Wadda ta fi iya wannan ita ce zaren ɓawon kwakwar attagara, ana sayar da shi a matse kamar bulo, a jiƙa ya kumbura a matse ruwan a baza kaurin santimita 5 zuwa 8. In ka damƙa ruwa na ɗiga to ya yi yawa, domin kwana kan jiƙaƙƙen wuri yana sa fatar cikin mesar ta yi ja ta yi ƙuraje har ta fara ruɓewa, da damina musamman sai an rage yayyafa wa shimfiɗar ruwa.

Abin da ya fi damuna shi ne abubuwa biyu da suka fi sauƙin samu su ne suka fi cutarwa. Na farko yashi. Mutum zai ce ai maciji a rairayi yake, ya ɗebo na bakin kogi ya zuba, alhali yashi na manne wa ɓeran da aka ba mesar, ta haɗiye shi, ya taru ya toshe hanji, yana kuma shiga baki da hanci. Akwai dai macijin yashi na Sahel, Eryx muelleri, da ke nutsewa cikin rairayi, amma shi halittarsa daban ce. Na biyu garin katako na wajen kafintoci kamar na kasuwar Katako, ba ka san icen ba, an gauraya da feinti da gam da maganin gara, ga ƙura. Icen sida (cedar) da na fayin (pine) suna da mai mai ƙamshi da ke taɓa numfashin maciji, shi kuwa galibi huhu ɗaya ne ke yi masa aiki kuma ba ya iya tari. A Amurka suna amfani da ɓarzajjen icen wata bishiya da ake kira asfen (aspen) saboda ba shi da wannan man, sai dai yana yin fumfuna in ya jiƙe. Ƙasar kashin kyanwa da ake sayarwa ita ma a bar ta, curewa take a cikin maciji in ya haɗiye ta.

Takardar jarida ko farin tishu ba su da kyan gani amma ba sa cutarwa, kuma su ya kamata a sa wa sabon maciji na makonnin farko, a kan fari ne ake saurin ganin ƙananan baƙaƙen kaska masu shan jini da kuma yanayin kashinsa. Tunda takarda ba ta riƙe laima sai a ajiye babban kwanon ruwa da ɗan akwatin ɓuya mai danshi a ciki.

Kashi da farin fitsarin da ke daskarewa ana kwashe su da zarar an gani, a sauya shimfiɗar gaba ɗaya duk wata ɗaya zuwa biyu, takarda kuwa da ta ɓaci a jefar. Kada a fesa maganin sauro ko a kunna na hayaƙi a ɗakin. Bayan an taɓa kejin a wanke hannu da sabulu saboda ƙwayar salmonela da macizai ke ɗauke da ita a kashinsu, yara ƙanana kuma kada a bar su su yi sharar.