So daban, ƙauna daban

Tun da aka fara kaɗa gangar siyasar 2027, da wuya ka kunna rediyo bayan sallar isha'i ba ka ji wani sojan baka yana rantsuwa cewa ƙaunar Maigirma ce ta fito da shi ba. A ƙauyenmu, can ƙasar Auyo, har jikin rumfar mai shayi an manna takardar "masu ƙaunar wane". Da can "masoya" suke ce wa kansu, kuma ban taɓa damuwa ba. Wannan ƙaunar da suka ɗauko ce take ci mini tuwo a ƙwarya.

So kalma ce mai faɗin ciki. Ina son fura, ina son in je Haɗeja ran kasuwa, ina son 'yar gidan liman, duk so ne. Shi ya sa ake ce wa shirin gaishe-gaishe zaɓi sonka. Kuma so yana iya ruɓewa: son kai, son zuciya, son banza. Gwada sa ƙauna a gurbinsa, ka ce "ƙaunar zuciya ta kai shi ta baro", kunnenka da kansa zai ƙi. Ita kuwa soyayya ƙirarta irin ta ƙiyayya da jayayya ce, sai da mutum biyu.

Masu fashin baƙi a rediyo sukan ce ƙauna so ne da ya yi yawa, wai kamar mudu da tiya. Nan ne muka raba gari. Ku saurari yadda Bahaushe yake faɗin ya fid da rai: ya yanke ƙauna. Ban taɓa jin an ce an yanke so ba. So sai dai ya gushe, ko ya koma ƙi. Ƙauna ita ake yankewa kamar igiya, domin akwai sa rai da jira a ɗaure cikinta.

A ambaliyar 2022, lokacin da kogin Haɗeja ya tumbatsa ya shanye gonakin yankinmu, Baffana yana da shinkafa a fadama, ta fara fitar da kai. Kullum da asuba sai ya naɗe wando ya tafi, ya tsaya a kan tudu yana kallon ruwan da ya kai ƙirji. Kwana tara yana haka.

Na ce, "Baffa, me kuke zuwa dubawa? Ai ba abin da ya rage."

Ya ce, "Kai yaro ne. Ban yanke ƙauna ba tukuna."

Wannan Baffan yana da wani bijimin huɗa da yake so ƙwarai, yana ba shi harawa da dusa da hannunsa, yana yabonsa a majalisa. Da kuɗin taki suka gagara, ranar wata Alhamis ya sa aka kai shi kasuwar Maigatari, ya dawo yana lissafin riba. Sonsa yake, amma da farashi ya yi daidai sai son ya bi dillali. Gonar da ba ta ba shi ko ƙwaya ba a shekarar, ita ya koma wa da rani da injin ban ruwa na aro.

To sojan bakan da ya sauya sheƙa sau biyu daga zaɓen 2023 zuwa yau, wace asuba ya taɓa tsayawa a tudu yana jiran wani? Ya ce yana so, mu yarda, don ɗan kuɗin cefane abin so ne.

Wani abin kuma, ƙaunar da na tashi na gani ba ta da baki. Innarmu har yau ba ta kama sunan ɗanta na fari saboda kunya, sai dai ta ce "wannan" ko "yayanku". Ba ta yi masa wasa yana yaro, in ji manya. Amma duk ranar da ya tafi cin rani Legas, akwai ƙwaryar da ba mai taɓawa har ya dawo. Wata rana tsokana ta ɗebe ni, na ce, "Inna, wai kina son Yaya kuwa?"

Ta ce, "Tashi ka ba ni wuri, marar ta ido."

Ta ja faifai ta rufe furar da ta dama masa, ta tura ta ƙarƙashin gado inda ba za mu gani ba.